Shekarar da Sunan Malam Ya Kuɓuce Mana

Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku game da Hajiya Uwani, matar Baffanku Alhaji Ado, Allah ya jiƙansa. Kuna cewa ita ce ta kulle waya a akwati har sunan kakanku ya faɗa hannun 'yan caca. Kunnena bai mutu ba tukuna, ko da kuna ganin ina gyangyaɗi a zaure. Shi ya sa a wannan babin zan ajiye zancen makarantun da na koyar, wanda dama na san bai dame ku ba, in ba ku labarin shekarar nan yadda ta faru a gabana. In kun karanta kuka ga har yanzu kuna da bakin zagin baiwar Allahn nan, to ku zo ku faɗa mini ido da ido.

Kakanku Malam Ɗanjuma, wanda ƙasar Gaya ta sani da Mai Riɗi, bai bar mana wata dukiya ta a zo a gani ba. Gonaki ne a Kademi, da sito guda a bakin kasuwa, sai suna. In aka ce buhun nan na gidan Mai Riɗi ne, ɗan kasuwa ba ya wahalar da kansa da zura hannu neman yashi ko tsakuwa. Mutum ne mai tsanani, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne caca. Muna yara ya taɓa kama Yaya Ado a bayan tasha yana kallon masu karta. Kallo kawai, ko tsugunawa bai yi ba, amma sai da ya yi kwanaki yana kwanciya rub da ciki. Har Yaya ya yi furfura, in ya hango ana karta, sai ya sake hanya.

Da Malam ya rasu ba mu raba harkar riɗi ba, muka ci gaba da ita a gandu, ni da Yaya. Kun kuma san yadda gidanmu yake: komai da sunan babba ake yin sa. Takardar sito sunan Yaya, asusun banki sunan Yaya, ko amalanke aka saya, ta Alhaji ce. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka muka taso muka tarar. Harka ta yi albarka, har masu saye daga Legas suka fara nemanmu kai tsaye, wasu ma daga ƙasashen waje. Su ne suka matsa mana cewa ba za su riƙa tura motoci wurin mutanen da ba su da shafi a intanet ba, kuma ba su da imel mai ɗauke da sunan kasuwancinsu. Sai na kira yayarku Rabi, wadda a lokacin take aikin kwamfuta a Kano, na ce ta zo ta yi wa tsofaffi bayani.

Ta zo ranar wata Asabar, ta zauna a gefen tabarma a zaure, ni da Yaya muna sauraro.

"Baffa, abu biyu ne," in ji ta. "Akwai kamfanin da zai yi mana rajistar sunan, ya riƙe mana. Kuma haya ce, ba saye ba ne. Duk shekara ake sabuntawa, in aka yi sake wa'adi ya wuce, kowa a duniya yana iya ɗauka. Sannan akwai masu nuna hanya, su ake ce wa DNS. In mutum ya rubuta sunanmu, su ne za su kai shi shafinmu, in ya aiko saƙo su ne za su kawo mana. In na farkon suka yi wasa, suna ya tafi. In na biyun suka yi wasa, suna yana nan amma ba mai samunmu."

Ta riga ta yi bincikenta. Ta ce tana son kamfanin da ya daɗe, mai cikakken lasisi, wanda in ka kira mutum ne zai ɗauka ya saurare ka. Ya zama yana kulle suna yadda ba mai ɗauke shi a ɓoye, yana sabuntawa da kansa in lokaci ya yi, kuma ya yarda mutum biyu ko uku su riƙe makullin. Masu nuna hanya kuma a ɗauki wasu dabam masu ƙarfi, don kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ni dai na gamsu, har ina jin daɗi a raina cewa kuɗin makarantar nan bai tafi a banza ba. Yaya ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ɗago kai.

"Madalla, 'yata. To ai mutumin Ajingi wannan ce sana'arsa."

Mutumin Ajingi shi ne Nafi'u, mijin Hadiza, 'yar Yaya ta fari. Yaya bai taɓa kiran sunan Hadiza da bakinsa ba, balle na mijinta. Nafi'u yana da ɗan shago a Ajingi inda yake buga katin biki da cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, kuma ya ƙara da yi wa mutane rajistar suna a intanet. Ba shi da lasisin kansa, a ƙarƙashin wani babban kamfani yake sarowa, kamar yadda mai tebur ke saro sabulu a kanti. Nuna hanyar ma shi yake yi wa mutanensa, a wani ɗan wuri mai araha da yake haya shi da abokinsa. Rabi ta dube ni, na dubi Yaya.

"Yaya, to a tambaye shi mana," na ce. "A ji a ina zai ajiye sunan, wa zai riƙe makulli, in shagon ya rufe ina muka dosa."

"Sabo, kana da hankali kuwa? Ni zan titsiye surukina da tambayoyi kamar wanda ya kama ɓarawon akuya? Sannan a ji a gari cewa gidan Mai Riɗi sun tsallake surukinsu sun kai wa baƙi aiki? Da wane ido zan dubi iyayensa?"

Na yi gardama iya ƙarfina, har Hajiya Uwani ta leƙo daga cikin gida ta ce mini in rage murya, maƙwabta za su zaci rabon gado ake yi. Dama ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, irin na ƙanin miji da matar wa. Na ce mata ta koma wurin tukunyarta kafin miyar ta ƙone kamar ta jiya. Aka yi dariya, magana ta mutu a nan. A gidanmu in babba ya ce ga yadda za a yi, an gama.

Ranar da Nafi'u ya zo, tun daga ƙofar gida ya cire takalmi, ya tsuguna can nesa da tabarma, kansa a ƙasa. Yaya yana kallon bango, yana magana da ni, ni kuma ina miƙa wa Nafi'u, alhali kowa yana jin kowa. A irin wannan zaman, ku gaya mini, ta ina tambaya za ta shiga? Rabi ce kaɗai ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a ƙara lambarta a kan rajistar. Nafi'u ya girgiza kai cikin ladabi.

"Haba Anti Rabi, ai ba zan sa sunan kowa kusa da na Alhaji ba. Sunansa za a sa a matsayin mai shi, da lambar wayarsa. Imel ɗin ma na buɗe masa nasa."

Don girmamawa ya yi, wallahi na tabbata. Yaya ya ji daɗi, ya sa masa albarka ta bakina. Haka aka yi rajistar sunan Malam, cikakke da laƙabinsa, a hannun mutumin da ba a iya tambaya, da lambar mutumin da bai taɓa buɗe imel ba a rayuwarsa.

Shafin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har hoton gonar Kademi aka sa, da ɗan tarihin Malam wanda ni na rubuta. Amma bai daɗe ba ya fara halinsa. Yau ya buɗe, gobe ya ƙi. Mai saye ya aiko saƙo daga Legas, saƙon ya koma masa. Rabi ta ce masu nuna hanyar ne ba su da ƙarfi, in wurin da Nafi'u ke haya ya sami matsala, mu ma mun ɓace. In abin ya faru, ba mai kiran Nafi'u kai tsaye. Sai in gaya wa Hajiya Uwani, ita ta gaya wa Hadiza, Hadiza ta jira mijinta ya ci abinci ya huta sannan ta gaya masa. Bayan kwana biyu sai shafi ya dawo. Muka saba da haka har ya zama abin wasa, in aka ce shafi ya ɗauke sai wani ya ce ai ya tafi Ajingi gaisuwa ne, zai dawo. Wannan sabon shi ya cuce mu fiye da komai.

Yaya ya rasu da bazara, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tuna sai in rasa abin da nake rubutawa. Ya bar yara ƙanana a ɗakin Hajiya, saboda haka malamin da zai raba gado ya ja kunnenmu a gaban kowa: duk abin da mamaci ya bari akwai haƙƙin marayu a ciki, kada a taɓa ko allura sai an raba. Hajiya ta tattara rigunansa da agogonsa da wayarsa ta zuba a akwatin ƙarfe, ta sa kwaɗo, ta shiga takaba. Rabon kuma bai yiwu da wuri ba. Ruwa ya sauka, an riga an yi shuka, kuma a wurinmu ba a raba gona da amfani a kanta. Aka ce sai bayan kaka. Wayar ta kwanta a akwati tun daga bazara har damina ta kusa wucewa.

A cikin daminar nan ne shagon Nafi'u ya rufe. Abokin harkarsa ya janye, shi kuma ya tafi Abuja neman aikin haɗa sola. Bai gudu da komai namu ba. A tunaninsa suna yana hannun Alhaji, kuma babban kamfanin zai aiko da tunatarwa. Sun kuwa aiko, ba sau ɗaya ba, zuwa imel ɗin da ba mai buɗewa da wayar da ke kashe a cikin akwati. Shafi ya ɗauke, muka ce ya tafi Ajingi. Lokacin ba na cinikin riɗi ba ne, ba mai saye da zai yi mana ƙorafi, mu kuma hankalinmu yana kan noma da zaman makoki. Rabi tana fama da jego a lokacin. Sai da ta ɗan sami kanta ta duba, ta kira ni.

"Baba, wannan karon ba masu nuna hanya ba ne. Wa'adin sunan ne ya ƙare. Akwai 'yar rarar kwanaki da suke bayarwa, muna cikinta, amma ta kusa cika."

Ta sami babban kamfanin da ƙyar, domin ba ma cikin mutanensu kai tsaye, ta hannun Nafi'u muka shiga. Da suka amsa, suka ce mai suna kaɗai za su saurara, kuma za su tura lambar sirri zuwa wayarsa. Nan ne Rabi ta roƙi Hajiya ta buɗe akwati, nan ne kuma Hajiya ta faɗi maganar da kuka riƙe kuna yawo da ita.

"'Yar nan, malam ya ce kada a taɓa. Kayan marayu ne. In ya zo ya ce a buɗe, ga makulli."

Malamin ya yi tafiya, sai da aka jira shi kusan mako. Da ya dawo ya ji bayani, ya ce a buɗe mana, ai wannan ceton dukiyar marayun ne. Aka buɗe, aka sa wayar a caji, aka kunna. Ba layi. To ga abin da ba ku sani ba, ko kuka sani kuka ƙi riƙewa. Ni da kaina na hau mota na je ofishin kamfanin layin a Kano, suka duba suka gaya mini cewa layin ya daɗe ba a amfani da shi, sun janye shi tun kafin ranar da Rabi ta fara kira. Ko da Hajiya ta fasa akwatin da gatari a daidai lokacin da aka roƙe ta, ba abin da za a tarar. Matar nan ta bi abin da aka gaya mata ne a gaban jama'a, kuma duk wanda yake zaune a wurin ranar ya gyaɗa kai, har da ni.

Daga nan kamfanin rajistar suka ce to a kawo takardar kotu mai nuna magada. Kotu ta ce sai an yi rabo. Rabo yana jiran a gama yankan gero da girbin riɗi. Na yi zirga-zirga tsakanin Gaya da Kano har direbobin tasha suka daina tambayata ina za ni. Nafi'u ya baro Abuja ya zo, ya tsuguna a gabana yana hawaye, ya ce a yi masa duk hukuncin da aka ga dama. Wane hukunci zan yi masa? Shi ma asusunsa na sari an rufe shi tun da ya daina biya, ba shi da iko da komai. Ranar da takardar kotu ta fito, wa'adin ya riga ya wuce, an saki sunan a kasuwa.

Wani tsohon mai sayenmu ne daga Legas ya fara kirana, mutumin kirki wanda ya san Malam da ransa. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar iyali da amfanin gona, kafin ya ce, "Malam Sabo, kun canza sana'a ne?" Na sa Rabi ta buɗe mini. Ga sunan mahaifina a sama, harafi da harafi, yadda na rubuta shi da hannuna. A ƙarƙashinsa ƙwallo ce da karta da wasu fitilu masu walƙiya, ana kiran mutane su zuba kuɗi su ci. Na daɗe ina kallo. Ban yi kuka a jana'izar Malam ba, don ina ganin ya tafi da mutuncinsa. Ranar nan na yi, a gaban 'yata.

Rabi ta bi diddigi ta gano cewa wasu ne a wata ƙasa, masu farautar sunayen da wa'adinsu ya ƙare, musamman waɗanda mutane suka saba ziyarta. Ba su san Malam ba, ba su san Gaya ba, ba su san riɗi ba. Ta rubuta musu, suka yanka wani kuɗi na fitar hankali. Da labari ya kai kunnen Hajiya, sai ta aiko a kira ni. Lokacin ta fita takaba, an yi rabo, ta sami 'yar gona a hanyar Balan.

"Sabo, a sayar da gonata a fanso sunan," ta ce. Ba wasa a fuskarta, ni ma ban kawo ba.

"Hajiya, da me za ki ciyar da yaran nan?"

"Allah zai ciyar da su. Ni dai na gaji da yadda ake kallona a gidan nan."

Na ƙi. Na ce ba za a sayar da abincin marayu a miƙa wa 'yan caca ba, Malam da kansa da zai tashi da ya tsine mana. Har gobe ina kan wannan ra'ayin. Amma ita ta ɗauka cewa an hana ta wanke kanta ne, kuma zantukan da ake yi a tsakar gida ba su tsaya ba. Kafin azumi ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a Ajingi. Ina zuwa gaishe ta duk sallah. Tana karɓata da mutunci, ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta kira ni Malam Sabo. Tun daga shekarar nan ba ta ƙara tsokanata ba, ni ma ban sami fuskar da zan yi mata ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda kuke zato.

Mun buɗe sabon shafi da wani suna, wanda ba Malam a cikinsa. Wannan karon Rabi ce ta zaɓi kamfani, mutum uku ke riƙe da makulli, masu nuna hanya dabam, kuma tun da aka buɗe bai taɓa ɗaukewa ba. Wasu masu sayen sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ciniki dai ana yi, alhamdu lillahi. Amma duk wanda ya ji labarin Mai Riɗi a bakin kakansa ya ce bari ya duba, kun san abin da zai gani.

Abin da ya rage mana shi ne jira. Tun da haya ce, su ma in suka yi sake suna zai fito, mu kama. Duk shekara in lokacin ya kusa, Rabi takan zo Gaya ta zauna kusa da ni mu duba tare, ina addu'a Allah ya sa su manta kamar yadda muka manta. Shekarar farko suka sabunta. Ta biyu ma haka. Bana da ta zo, ta buɗe, sai na ga ta ƙura wa allon ido.

"Mene ne?" na ce.

"Baba, sun kulle shi. Kuma sun biya gaba, na shekara goma."

Na sa ta faɗi shekarar da zai ƙare. Ta faɗa. Na yi lissafi a zuci, na ga ita ma irin lissafin take yi, don ta kasa haɗa ido da ni. Can ta miƙa hannu ta ɗauki wayata da ke kan tabarma, ta ce bari ta sa mini ranar don ta tuna mini in lokacin ya zo. Na riƙe hannunta.

"Ajiye wannan, Rabi. Sa a taki. Ki kira ƙannenki duka, kowa ya sa a tasa."